Dokar CAMA da ikon gwamnati kan coci, masallaci da ƙungiyoyin agaji: yadda lamarin yake a yammacin Zamfara

Dokar Kamfanoni ta Najeriya, wadda aka fi sani da CAMA, ita ce dokar tarayya da ke tsara yadda ake yi wa kamfanoni da sunayen kasuwanci rajista. A cikinta ne kuma aka tanadi hanyar da coci, masallaci, makarantar Islamiyya, gidauniya ko ƙungiyar ci gaban gari ke bi don samun matsayi a idon doka. Tun ranar 7 ga Agustan 2020, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan sabuwar dokar, ake taƙaddama kan iyakar ikon da ta bai wa gwamnati a kan irin waɗannan ƙungiyoyi. A Arewa an fi jin batun a matsayin rigimar manyan coci-cocin Kudu da gwamnatin tarayya, alhali dokar ba ta ambaci wani addini ba. A ƙananan hukumomin Anka, Gummi da Bukkuyum, inda ƙungiyoyin addini da na agaji ke ɗauke da wani ɓangare na nauyin marayu, marasa lafiya da 'yan gudun hijira, tambayar ko wane ne ke da ikon dakatar da shugabannin ƙungiya tana da nasaba da rayuwar yau da kullum.

Asalin dokar

Tun zamanin Turawa, wata doka ta 1924 ta bai wa ƙungiyoyin addini da na al'umma damar yi wa amintattunsu rajista, domin filaye da gine-ginen ƙungiya su ci gaba da zama nata ko da waɗanda suka kafa ta sun rasu. A 1990, a mulkin Janar Ibrahim Babangida, aka haɗa wannan tanadi cikin dokar kamfanoni, aka kuma kafa Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC. Dokar 2020 ta maye gurbin ta 1990. Tana da sassa 870, kuma akasarinsu sun shafi kasuwanci ne, kamar damar da aka bai wa mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Abin da ya shafi amintattun ƙungiyoyi yana daga sashe na 823 zuwa na 850.

Amintattu su ne mutanen da ƙungiya ta zaɓa su riƙe dukiyarta da sunanta. Idan an yi musu rajista, ƙungiyar na iya mallakar fili, buɗe asusun banki, shigar da ƙara ko a shigar da ita ƙara da sunanta. Dokar ta buƙaci aƙalla mutum biyu, da kundin tsarin ƙungiya, da sanarwa a jaridu biyu, sannan a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Ta hana yaro, da wanda kotu ta tabbatar ba shi da cikakken hankali, da wanda aka samu da laifin zamba cikin shekara biyar da suka wuce zama amintacce. Ta kuma haramta raba kuɗin ƙungiya ga mambobi a matsayin riba.

Abu biyu ne ake yawan kuskurewa. Na farko, dokar ba ta tilasta wa kowane masallaci ko coci yin rajista ba. Sashe na 38 da na 40 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 sun tabbatar da 'yancin addini da na kafa ƙungiya, da takarda ko babu. Na biyu, CAMA ba dokar haraji ba ce. Dokokin haraji daban ne, kuma sun yafe wa ƙungiyoyin addini da na agaji haraji kan kuɗin da ba ta hanyar kasuwanci suka samu ba. Ƙungiyoyin gama kai na manoma da 'yan kasuwa kuwa ba sa ƙarƙashin CAC, domin tsarin mulki ya bar rajistarsu a hannun jihohi.

Sassan da ake jayayya a kansu

Sashe na 839 ne ya fi tayar da ƙura. Sakin layinsa na farko ya ce hukumar na iya dakatar da amintattun ƙungiya ta naɗa manajan riƙo idan tana da dalilin gaskata cewa an yi almundahana ko sakaci wajen gudanarwa, ko ana tafiyar da ƙungiyar da zamba, ko ana buƙatar kare dukiyarta, ko kuma maslahar jama'a ta buƙaci haka. Sakin layi na biyu kuma ya ce kotu ce za ta ba da umarnin dakatarwar, bisa ƙorafin hukumar ko na kashi ɗaya cikin biyar na mambobin ƙungiyar, tare da hujja. Lauyoyi sun rabu kan yadda za a karanta waɗannan biyun tare. Wasu na ganin na biyu ya ɗaure na farko, don haka babu dakatarwa sai da kotu. Wasu kuma na ganin kowane yana tsaye da ƙafarsa, wanda ke nufin hukumar na iya yin gaban kanta. Sashen ya kuma sharɗanta amincewar ministan da ke kula da ciniki kafin hukumar ta yi amfani da wannan iko, lamarin da masu suka ke cewa ya ƙara shigar da siyasa cikin batun, tunda minista ɗan siyasa ne.

Sassa na 842 zuwa 844 sun shafi asusun bankin da aka daɗe ba a taɓa ba. Banki zai sanar da hukumar, ita kuma ta nemi ƙungiyar ta kawo shaidar ayyukanta cikin kwana 15. Idan ba ta gamsu ba, tana iya rushe ƙungiyar, a kuma mayar da kuɗin ga wata ƙungiya. Sashe na 845 ya wajabta gabatar da bayanin harkokin ƙungiya sau biyu a shekara, na 848 kuma ya wajabta rahoton shekara-shekara.

Yadda aka karɓi dokar a faɗin ƙasa

Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ƙarƙashin Rabaran Samson Ayokunle, ta yi watsi da sashe na 839 makonni kaɗan bayan sanya hannun, har ta danganta shi da aikin shaiɗan. Hujjarta ita ce gwamnatin da ba ta kafa coci ba ba ta da hurumin naɗa masa shugaba, balle a ɗora wanda ba mabiyin addinin ba ne. Bishop David Oyedepo na cocin Living Faith ya yi magana mai zafi a kan haka. Ƙungiyar SERAP mai fafutukar yaƙi da cin hanci, wadda ba ta addini ba ce, ita ma ta nemi a janye sassan, don tsoron za a yi amfani da su wajen rufe bakin ƙungiyoyin da ke sukar gwamnati. Shugaban CAC na lokacin, Alhaji Garba Abubakar, ya kare dokar da cewa ta shafi duk ƙungiyar da ta yi rajista ne, ba coci kaɗai ba. Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo, wanda shi ma fasto ne, ya shawarci masu ƙorafi su kai buƙatar gyara ga Majalisar Tarayya.

Wannan zargi yana da tushe a abin da ya gabata. Wani tsarin shugabanci da Hukumar Kula da Rahoton Kuɗi ta fitar ya ƙayyade wa shugabannin ƙungiyoyin da ba na neman riba ba wa'adin shekara 20. Saboda shi, a Janairun 2017, Fasto Enoch Adeboye ya naɗa wani ya shugabanci cocin Redeemed a Najeriya. Cikin kwanaki kaɗan gwamnati ta sauke shugaban hukumar, Jim Obazee, ta dakatar da tsarin. A wannan shekarar ce kuma ƙudirin marigayi Umar Buba Jibril, ɗan majalisar wakilai daga Kogi, na kafa hukumar sa ido kan ƙungiyoyi masu zaman kansu ya gamu da adawa mai ƙarfi, bai zama doka ba.

Masu goyon bayan dokar sukan kawo misalin Ingila, inda hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ke da ikon dakatar da amintattu da naɗa manajan riƙo. Ta yi amfani da ikon a kan coci-cocin da 'yan Najeriya suka kafa a can, ciki har da cocin KICC na Fasto Matthew Ashimolowo a 2002. Masu adawa kuma sukan amsa cewa hukumar ta Ingila aikinta ke nan kaɗai, tana cin gashin kanta, kuma akwai kotu ta musamman da ake ƙalubalantar matakanta, saɓanin CAC da ke ƙarƙashin ma'aikatar ciniki.

Abin da kotuna suka ce

A watan Maris na 2023, Mai Shari'a Inyang Ekwo na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ya yanke hukunci a ƙarar da amintattun CAN suka shigar. Ya hana CAC dakatar da amintattun ƙungiyar da na coci-coci ko naɗa musu wasu, ya kuma bayyana cewa tanade-tanaden da aka ƙalubalanta ba su hau kan ƙungiyoyin addini ba, har da masallatai. A watan Afrilu na wannan shekarar, Mai Shari'a James Omotosho, a ƙarar da lauya Emmanuel Ekpenyong ya shigar, ya soke sashe na 839 da na 842 zuwa 848 da na 851, bisa dalilin cewa sun saɓa wa 'yancin addini da na kafa ƙungiya. Ke nan ƙarar da Kiristoci suka ɗauki nauyinta ta zama kariya ga masallatai ma. Hukunce-hukuncen biyu na kotun matakin farko ne, waɗanda Kotun Ɗaukaka Ƙara da Kotun Ƙoli ke da ikon tabbatarwa ko sauyawa.

Abin da ya gina tunanin jama'a a Anka, Gummi da Bukkuyum

Ƙananan hukumomin uku suna cikin mazaɓar Sanatan Zamfara ta Yamma. Mafi yawan mazaunansu Musulmi ne, manoma, makiyaya, 'yan kasuwa da masu haƙar ma'adinai. Abubuwa huɗu ne suka fi tasiri kan yadda ake auna irin wannan doka a yankin.

Na farko shi ne fiƙihu. A mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, dukiyar da aka yi wakafi da ita ta fita daga hannun mai kula da ita. Shi mai riƙon amana ne kawai, kuma idan ha'incinsa ya tabbata alƙali na da ikon cire shi ya naɗa wani. Saboda haka batun a binciki mai riƙe da kuɗin masallaci ko na marayu ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi karatun zaure. Sai dai a wannan tsarin alƙali ne ke cirewa, bayan an kawo shaida kuma an saurari wanda ake zargi. Wannan ya fi kusa da sakin layi na biyu na sashe na 839 fiye da na farko.

Na biyu shi ne tsarin da jihar ta shimfiɗa tun bayan da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoban 1999. An kafa Ma'aikatar Harkokin Addini, Hukumar Zakka da Wakafi, Hukumar Hisba, da hukumar da ke tantance masu wa'azi da ba da izinin buɗe masallatan Juma'a. Mutumin Zamfara ya saba da ganin hannun hukuma a harkar addini fiye da mutumin Legas ko na Inugu. Hujjar da CAN ta dogara da ita, cewa gwamnati ba ta da hurumi a ɗakin ibada, ba ta da irin wannan ƙarfi a jihar da ake neman izinin hukuma kafin a ɗaga masallaci zuwa na Juma'a. Amma waɗannan hukumomi na jiha ne, malamai ne a cikinsu, kuma sarakuna na da ta cewa. Mutum na iya amincewa da kwamitin da ya san malamansa, ya ƙi amincewa da manajan riƙon da wani ofishi a Abuja zai turo.

Na uku shi ne bala'in gubar dalma. A watan Maris na 2010, ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Ƙauyukan sun haɗa da Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Aƙalla yara 400 ne suka rasu. An share ƙasar ƙauyuka da dama tsakanin 2010 da 2011, amma Bagega ta yi ta jira, kuma likitoci ba sa iya fara ba yara magani kafin a kwashe gurɓatacciyar ƙasar, don za su sake shaƙar gubar. Kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari a 2012 bai fito ba sai a Janairun 2013, bayan matsin lambar MSF, da Human Rights Watch, da gangamin Follow the Money da Hamzat Lawal ya jagoranta. MSF ta ci gaba da aikin har ta miƙa shi ga gwamnatin jiha a 2022. A wannan karon ƙungiyoyi ne suka bi sawun kuɗin gwamnati. Wanda ya ga haka yana da dalilin tambaya ko ƙungiya mai rajista a Najeriya za ta iya irin wannan tsayin daka idan minista na da hannu a dakatar da shugabanninta.

Na huɗu shi ne matakan gaggawa da yankin ya sha gani saboda matsalar 'yan bindiga. A Satumban 2021 an katse layukan waya a faɗin jihar. A Oktoban 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ba da umarnin rufe Anka, Bukkuyum da Gummi tare da hana zirga-zirga. A Janairun 2023 kuma ta umarci ƙungiyoyi masu zaman kansu su fice daga jihar, bisa zargin wasunsu na ayyukan da ke dagula tsaro. Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da aka ɗauka ƙarƙashin CAMA, amma sun nuna wa jama'a yadda kalmomi irin su tsaro da maslahar jama'a ke iya tsayar da aikin asibiti ko rabon abinci a rana ɗaya. A gefe guda kuma, tsoron kada a fake da sunan agaji a kai wa ɓarayin daji kuɗi ko kaya yana sa wasu goyon bayan tsauraran bincike. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 ta riga ta bai wa hukuma damar hana rajista ko soke ta ga ƙungiyar da ke da alaƙa da ta'addanci.

Matsayin Kiristocin yankin

Kiristoci 'yan tsiraru ne a waɗannan garuruwa, kuma da yawansu ma'aikata ne da 'yan kasuwar da suka zo daga wasu jihohi. Majami'unsu galibi rassa ne na manyan ɗariƙu. Katolika na ƙarƙashin Dayosis ɗin Sakkwato da Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagoranta, Angilikan na da dayosis a Gusau, ECWA kuma hedikwatarta na Jos. Takardar rajista da amintattu suna can sama ne, don haka ƙaramin coci a Gummi ba shi ne CAC za ta rubuta wa takarda ba. Duk da haka, ga al'ummar da ba ta da yawa, takardar rajistar tarayya ce ke tabbatar da cewa fili da ginin coci mallakar ɗariƙar ne a gaban kowace kotu. Duk abin da zai raunana ikon amintattu a kan wannan dukiya yana taɓa su kai tsaye, ko da kuwa ba su da jiragen sama da jami'o'in da ake ambata idan ana maganar manyan coci-cocin Kudu.

Inda ra'ayoyi suka haɗu da inda suka rabu

Idan aka tattara hujjojin ɓangarorin, za a ga ba a cika jayayya kan wajibcin hisabi ba. Ɗan kasuwar da ya ba da buhunan hatsi don marayu, da ma'aikacin da ake cire wa wani abu daga albashi don ginin masallacin ofis ko coci, duk suna son sanin inda dukiyar ta tafi. Rikicin shugabanci ma sananne ne. Ƙungiyar Izala, da Sheikh Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978, ta rabu gida biyu a farkon shekarun 1990, kuma a duk irin wannan rabuwa tambayar wa ke da masallaci da makaranta kan koma ga sunayen da ke kan takarda. Tanadin da ya bai wa kashi ɗaya cikin biyar na mambobi damar zuwa kotu makami ne a hannun mabiya, ba a hannun gwamnati ba.

Saɓanin yana kan wanda zai riƙe bulalar. Masu goyon baya na ganin ba za a bar shugaban ƙungiya ya zama mai tara kuɗi, mai kashewa, kuma mai binciken kansa ba. Masu adawa na ganin hukumar da ke ƙarƙashin minista ba za ta yi adalci ga ƙungiyar da ke sukar gwamnatin da ta naɗa ministan ba. Akwai kuma rukuni na uku, wanda ba a cika jin muryarsa a jaridu ba, wato ƙananan ƙungiyoyin karkara da nauyin takardu ya fi damunsu fiye da sashe na 839. Ga kwamitin marayu a Nasarawar Burkullu ko Daki Takwas, kuɗin sanarwa a jaridu biyu, da na lauya, da na akanta, da cike takardu ta intanet a inda layin waya ke yankewa, sun isa su sa a haƙura da rajista. Sakamakon haka sai a ajiye kuɗin jama'a a asusun mutum ɗaya, a rubuta filin makaranta da sunan wanda ya kafa ta. Ranar da ya rasu, magada na iya lissafa su cikin gado, kuma wannan ce ainihin matsalar da dokar 1924 ta zo magancewa.

Abin da ya kamata masu riƙe da ƙungiya su kiyaye

Ko yaya shari'ar sassan ta ƙare, wasu abubuwa ba su sauya ba. Ƙungiyar da ke son asusun banki da sunanta, ko tallafi daga wata gidauniya ta gida ko ta waje, za a nemi takardar rajistarta. Idan amintacce ya rasu ko ya yi murabus, sai an sanar da CAC an bi ƙa'idar sauya shi, in ba haka ba sa hannun sabon ba shi da ƙarfi a idon doka. Kundin tsarin ƙungiya shi ne abin da kotu za ta fara dubawa idan rikici ya tashi, don haka ya dace ya fayyace yadda ake zaɓen amintattu, yadda ake cire su, da adadin waɗanda za su sa hannu kafin a fitar da kuɗi. Filin da aka bayar wakafi yana buƙatar rubutacciyar shaida da sunan ƙungiya, da sa hannun shaidu da na mai unguwa ko hakimi. Karanta lissafin shiga da fita a gaban jama'a sau ɗaya a shekara, bayan sallar Juma'a ko bayan sujadar Lahadi, ba ya buƙatar izinin kowace hukuma, kuma kwamitin da ke yin haka yana da abin nunawa a duk ranar da mambobi, banki ko kotu suka nemi bayani.